Sharhi Kan MikroTik hAP ac²: Raba Wi-Fi Kyauta da Nauyin da Doka Ta Ɗora wa Mai Layi

Masu gidajen abinci da ƙananan otal-otal da shagunan aski da suke son ba abokan cinikinsu intanet kyauta, tambayoyi biyu suka saba yi kafin su sayi na'urar rarrabawa: mutum nawa za ta ɗauka, kuma har ina ƙarfinta zai kai. Akwai tambaya ta uku wadda ba kasafai ake yin ta ba, alhali ita ce za ta iya kai mutum ofishin 'yan sanda: idan wani ya hau layin ya damfari mutane ko ya aika saƙon barazana, sunan wa zai fito? Da wannan tambayar na auna MikroTik hAP ac², na'urar da nake raba wa masu cin abinci Wi-Fi da ita a gidan abincina da ke Zariya, inda akasarin masu zuwa ɗalibai ne da malamai.

Na'urar ƙarama ce, baƙa, ana iya tsayar da ita a kan teburi ko a maƙala ta a bango. Kamfanin MikroTik da ke birnin Riga na ƙasar Latbiya ne ke ƙera ta, kamfanin da aka kafa a 1996. Tana da kafofin waya guda 5, da kafar USB ɗaya, tana kuma watsa Wi-Fi a kan zango biyu, na gigahaz 2.4 da na gigahaz 5. Abin da ya fi yi mini daɗi a jikinta shi ne tana aiki da batir mai ƙarfin bolt 12, saboda haka wanda yake da sola ba ya buƙatar ya tayar da janareta dominta idan an ɗauke wuta. Eriyarta a ciki take, kuma ba ta ratsa bangon bulo da kyau. Falo ɗaya babba da baranda ta wadatar da su, amma mai otal mai ɗakuna a jere sai ya ƙara wasu na'urorin. Lasisin da take zuwa da shi ya yarda mutum 200 su shiga a lokaci guda, sai dai wannan adadin na takarda ne, domin tun kafin a kai can rediyonta zai gaji. Iyakar abin da zan ce game da jikinta ke nan, don ba nan ne muhimmancinta yake ba.

Muhimmancinta yana cikin manhajar da ke tafiyar da ita, RouterOS, musamman sashenta da ake kira Hotspot. Kafin in bayyana amfaninsa sai an fahimci yadda sawun laifi yake komawa kan mai layi. Duk wanda ya hau Wi-Fi ɗinka, ko su hamsin ne, da adireshi ɗaya suke fita duniya, wato adireshin layin da ka yi rajista. Idan layin na katin SIM ne, tun daga Disamban 2020 da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta ba da umarnin haɗa kowane layi da lambar NIN, wannan layin yana ɗauke da sunanka da hotonka da zanen yatsunka. Idan kuma na wani kamfanin samar da intanet ne, sunanka da adireshin shagonka suna cikin littafinsu. Mai bincike, ko na EFCC ne ko na 'yan sanda, zai bi sawu daga wurin da aka yi ɓarnar zuwa kamfanin sadarwa, daga kamfanin kuma zuwa ƙofarka, nan ne sawun zai tsaya. Lamarin kamar ka ba da aron babur ne a yi ɓarna da shi: lambar da shaidu suka gani taka ce, kuma kai ne za ka faɗi wanda yake kan babur ɗin a lokacin. Bibiyar sawu zuwa ƙofarka ba ta nufin kai ne mai laifi, amma wanda ba shi da abin da zai nuna zai sha zirga-zirga kafin a yarda da shi.

Dokar da ta fi shafar wannan a Najeriya ita ce Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024. Sashe na 7 ya wajabta wa masu shagunan intanet su yi rajista da majalisar ƙwararrun masana kwamfuta, ban da rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC, su kuma ajiye littafin da masu amfani za su riƙa sa hannu, wanda jami'an tsaro za su iya nema a duk lokacin da suka buƙata. Sashen ya tanadi tarar naira miliyan 2 ko ɗaurin shekara 3 ga mai shagon da aka tabbatar da haɗin bakinsa a damfara, amma ya ɗora nauyin tabbatar da haɗin bakin a kan mai gabatar da ƙara. Sashe na 38 kuma ya ce mai samar da sabis zai adana bayanan zirga-zirga da na masu amfani har tsawon shekara 2. Wani zai ce ai shi mai tuwo da miya ne, ba kamfanin sadarwa ba. Sai dai ma'anar da dokar ta ba mai samar da sabis tana da faɗi sosai, domin ta haɗa duk wata ƙungiya ko kamfani, na gwamnati ko mai zaman kansa, da ke ba masu amfani da shi damar sadarwa ta hanyar kwamfuta ko na'urorin sadarwa. A nawa ganin, mai hankali zai ɗauka cewa maganar tana iya isowa kansa, ya shirya tun kafin a ƙwanƙwasa masa ƙofa, ya kuma nemi lauya ya duba masa yanayin kasuwancinsa.

A nan ne hAP ac² ta yi wa ƙananan na'urorin da kamfanonin waya ke sayarwa fintinkau. Waɗancan lambar sirri ɗaya gare su, wadda ake rubutawa a kwali a manna kusa da kanta, kafin mako ya zagayo duk layin ya haddace ta, har masu shagunan maƙwabta. Ita kuwa wannan, duk wanda ya haɗa wayarsa sai wani shafi ya fara tare shi, kuma ba zai wuce ba sai ya shigar da suna da lambar da aka ba shi. Ana iya buga ƙananan tikitoci, kowanne da lambarsa, a ƙayyade masa awa ɗaya ko biyu, a ƙayyade yawan datar da zai ci da saurin da zai samu, a kuma hana waya biyu shiga da tikiti ɗaya. A wurina yaron da ke kanta yana da littafi mai layi huɗu: kwanan wata, lambar tikiti, suna, da lambar waya. Idan mutum ya biya kuɗin abinci ya nemi Wi-Fi, sai a yago masa tikiti a rubuta. Na'urar kuma a nata ɓangaren tana rubuta cewa tikiti mai lamba kaza ya shiga da ƙarfe kaza, an ba shi adireshin ciki kaza, ya fita da ƙarfe kaza. Idan aka haɗa littafin kanta da rubutun na'ura, an samu amsar tambayar da mai bincike zai yi.

Shafin shigar ma ana iya sauya shi gaba ɗaya. Nawa da Hausa da Turanci yake, kuma ya faɗi abubuwa a fili: an hana damfara da barazana da yaɗa hotunan batsa da satar fasaha, ana adana lokacin shiga da na fita, kuma za a miƙa wa hukuma idan ta nema bisa doka. Rubuta sharuɗɗa ba ya wanke mutum daga komai, amma yana nuna cewa mai wurin bai buɗe ƙofa ya kau da kai ba, kuma yana sanar da abokin ciniki abin da ake tarawa a kansa, wanda shi ma wajibi ne kamar yadda zan zo kai.

Akwai wani tsari a cikin Hotspot da masu haɗa na'ura suke son kunnawa saboda sauƙinsa, wato shigar gwaji, inda mutum zai danna maɓalli ɗaya kawai a ba shi minti 30 ba tare da tikiti ba. Ban ba da shawarar a dogara da shi ba. Da lambar da ke jikin katin Wi-Fi na waya, wadda ake kira MAC, yake gane mutum, kuma tun daga Android 10 a 2019 da iOS 14 a 2020 wayoyi sun koma nuna lambar aro maimakon ta ainihi. Wannan kariya ce mai kyau ga mai waya, amma ga mai layi ma'anarta ita ce rubutun da ya tara jerin lambobi ne da ba su kai ga kowa. Wanda ya zaɓi wannan hanyar ya sani cewa ya ba da intanet ga wanda bai san ko wane ne ba.

Sai babban gibin da na gani, wanda duk mai saye ya kamata ya sani tun kafin ya biya kuɗi. Kamar yadda na'urar take fitowa daga kwali, a ƙwaƙwalwar wucin gadi take ajiye rubutunta, kuma da zarar wuta ta ɗauke ko an sake kunna ta, duk abin da ta rubuta ya tafi. A ƙasar da ake ɗauke wuta sau da yawa a yini, wannan yana nufin mutum zai yi shekara yana zaton yana da shaida alhali ba shi da ko ta jiya. Ma'ajiyarta ta dindindin kuwa megabait 16 ce kacal, manhajar kanta ta cinye mafi yawanta, saboda haka babu wurin tara rubutun shekara 2 a ciki. Mafita ita ce a sa mata filash a kafar USB a umarce ta ta riƙa rubutawa a can, ko kuma, wanda ya fi, a riƙa tura rubutun zuwa wata kwamfuta dabam da take karɓarsa. Duka biyun RouterOS tana iya yin su, amma ba ta yin ko ɗaya da kanta, kuma babu wani gargaɗi da zai fito ya tunatar da kai. Haka nan ba ta da batirin agogo a cikinta, daga intanet take ɗauko lokaci bayan ta tashi, don haka dole a tabbatar an saita ta a kan lokacin Najeriya kuma tana daidaita agogonta. Rubutun da lokacinsa bai yi daidai ba ba zai amfani kowa ba, domin da sa'a da minti mai bincike zai zo.

Akwai kuma iyakar abin da take gani. Yawancin shafukan intanet da manhajojin saƙo a yau a rufe suke tafiya, na'urar ba ta iya karanta abin da mutum ya rubuta ko ya karɓa, sai dai ta san inda ya nufa da lokacin. Ni ina ganin hakan daidai ne. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya kare sirrin wasiƙu da maganganun waya na ɗan ƙasa, kuma Dokar Laifukan Intanet ta bar izinin sauraron sadarwar mutane a hannun alƙali. Wani mai haɗa na'ura ya taɓa yi mini tayin cewa zai saita mini yadda zan riƙa ganin duk shafin da kowa ya buɗe, yana faɗa kamar wata gwaninta ce. Na ce masa abin da nake bukata shi ne in san wa ya shiga da yaushe, ba in leƙa rayuwar mutanen da suka zo cin abinci ba.

Wannan ya kawo mu ɗaya gefen nauyin, wanda mutane suka fi mantawa da shi. Littafin nan na kanta mai sunaye da lambobin waya, da rubutun da ke cikin filash, bayanan mutane ne, kuma Dokar Kare Bayanai ta Najeriya da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta hau kansu. Dokar ta ce a tara bayani don wata manufa sananniya, kada a tara fiye da abin da manufar take bukata, kada a riƙe shi fiye da lokacin da ya kamata, kuma a tsare shi. Idan bayanan suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, akwai wajibcin sanar da Hukumar Kare Bayanai, NDPC, cikin awa 72. Tarar da aka tanada ga ƙananan masu riƙe bayanai tana iya kaiwa naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa. Ke nan doka ɗaya tana cewa ka adana, ɗaya kuma tana cewa ka taƙaita ka tsare, kuma dole ka bi duka biyun. A aikace, wannan yana nufin littafin ba zai kwana a kan kanta inda kowa zai buɗe ba, yaron shago ba zai kwafi lambar wata ɗaliba ya kira ta da dare ba, kuma mai wurin ba zai ɗebi lambobin ya riƙa aika musu tallar sabon abinci ba tare da sun amince ba. Na biyun nan shi ne abin da na fi tsananta wa ma'aikatana a kai, domin cutarwarsa ta fi kusa kuma ta fi saurin faruwa fiye da duk wata damfarar intanet. Babu wata na'ura da za ta yi maka wannan aikin.

Wani abin yabo shi ne yadda take ba da damar raba hanyoyi. Na'urar POS da kwamfutar lissafi da kyamarorin tsaro suna kan hanyarsu, baƙi suna kan tasu, kuma an toshe tsakani. Ana kuma iya hana wayoyin baƙi ganin junansu, abin da yake da muhimmanci tunda Wi-Fi ɗin da ba shi da lambar sirri ba ya rufe abin da ke tafiya a iska. Ana iya tilasta wa duk masu shiga su bi ta matattarar sunaye mai tacewa, wato wurin da waya ke tambayar adireshin shafi kafin ta buɗe shi, irin ta Cloudflare mai lamba 1.1.1.3, wadda ke toshe shafukan batsa da na manhajoji masu cutarwa. Wanda ya san VPN, manhajar da ke ɓoye inda mutum ya nufa a intanet, zai iya kewaye ta, amma tana rage ɓarna sosai, musamman a wurin da iyaye ke zuwa da yara.

Dole kuma a faɗi tarihin tsaronta. A watan Afrilun 2018 an gano wata kafa a Winbox, manhajar da ake saita na'urorin MikroTik da ita, wadda ke ba ɗan kutse damar kwashe lambobin sirrin mai gudanarwa. Kamfanin ya toshe ta cikin gaggawa, amma da yake mutane ba sa sabunta na'urorinsu, a cikin shekarar an kame dubun-dubatarsu, da farko a Birazil, ana amfani da su wajen haƙar kuɗin intanet. A 2021 kuma an yi amfani da tarin irin waɗannan na'urorin da aka kame wajen kai manyan hare-hare, a abin da masana suka sa wa suna Meris. Na'urar da aka kame da layinka take kai hari, wato da sunanka. Tsofaffin na'urorin da ke kasuwa ma da sunan admin suke zuwa ba tare da lambar sirri ba. Sabuntawar kyauta ce kuma kamfanin yana ci gaba da fitar da ita har ga tsofaffin na'urori, wanda abin a yaba ne, sai dai ƙarancin ma'ajiyar wannan samfurin yana sa a yi hattara da yawan ƙarin manhajojin da ake ɗora mata.

Game da satar fasaha, wato sauke fina-finai da waƙoƙi ba da izini ba, abin da ya faru a Jamus ya nuna yadda lamarin yake iya tsananta. Wani mai shagon kayan sauti da fitilu a birnin Munik, Tobias McFadden, ya bar Wi-Fi ɗinsa a buɗe, a 2010 wani ya yaɗa waƙa ta kansa, kamfanin Sony Music ya bi shi. A watan Satumban 2016 Kotun Tarayyar Turai ta ce ba za a sa shi biyan diyyar laifin wani ba, amma ana iya umartarsa ya sa lambar sirri, sannan a 2017 Jamus ta gyara dokarta don sassauta wa masu raba Wi-Fi. Wannan hukuncin Turai ne, ba ya aiki a kotunanmu, kuma mai shago a nan kada ya jingina da shi. Abin da na yi a wurina shi ne ƙayyade sauri da yawan datar kowane tikiti, wanda ya isa karatu da saƙo da kiran bidiyo amma ba ya ƙarfafa mai son ya kwana yana sauke fina-finai.

Saboda sauƙin buga tikiti, wasu suna zamewa daga bayarwa kyauta zuwa sayarwa, naira ɗari biyu a nan, ɗari biyar a can. Wannan wani mataki ne dabam. Dokar Sadarwa ta 2003 ta hana gudanar da sabis ɗin sadarwa ba tare da lasisi ko izinin NCC ba, kuma kamfanin da ya ba ka layin yana da nasa sharuɗɗan. Starlink, mai ba da intanet ta tauraron ɗan adam, wadda ta fara aiki a Najeriya a Janairun 2023 kuma mutane da yawa ke haɗa ta da irin wannan na'urar, sharuɗɗanta sun hana sake sayar da sabis ɗin ba tare da izininta ba. Ko kyauta za ka bayar, ka karanta yarjejeniyar layinka, ka ga ko na gida ne ko na kasuwanci.

Wanda yake son abin da zai jona ya manta da shi, hAP ac² ba tasa ba ce, domin fuskar Winbox cike take da sunaye da lambobin da sai wanda ya koya, kuma kuskure ɗaya a katangar tsaro yana iya barin ƙofar gudanarwa a buɗe ga duniya. Wanda yake da falo ɗaya, da mai haɗa na'ura amintacce, da niyyar riƙe littafi, zai same ta da araha idan aka kwatanta da abin da take yi, ko da yake farashinta yana bin dala. Ranar da mai haɗawar zai miƙa maka aiki, kada ka biya shi cikon kuɗinsa sai ya ba ka lambar sirrin gudanarwa a hannunka, ya nuna maka inda rubutun yake taruwa, sannan ka zare wutar na'urar a gabansa ka mayar, ku duba tare ko rubutun safiyar ranar yana nan da lokacinsa daidai.